Makokin Fafaroma Francis da aikinmu a cikin matalautan Zariya: amsoshin tambayoyin da ake yi mana

Mu sistoci ne na Cocin Katolika, wato matan da suka ba da rayuwarsu ga hidimar Allah ba aure, muna zaune a wani ƙaramin gida a gefen Sabon Gari, Zariya. Tun daga ranar da Fafaroma Francis ya rasu mutane ke tare mu da tambayoyi, a ƙofar coci, a kasuwa, a cikin Keke Napep, wasu ma har gida suke biyo mu. Wasu Kiristoci ne, da yawa kuma maƙwabtanmu ne Musulmi. Yanzu da muka shiga watan Nuwamba na 2025, watan da Katolika ke ware wa addu'a domin mamata, kuma watan da Ranar Matalauta ta Duniya ke faɗowa, sai muka ga ya dace mu tattara tambayoyin wuri guda mu amsa iya saninmu.

Yaushe ya rasu, kuma me ya yi ajalinsa?

Ya rasu ranar Litinin, 21 ga Afrilu, 2025, washegarin Ista, da ƙarfe 7:35 na safe agogon Roma, wato 6:35 a nan. Shekarunsa 88. Likitoci sun ce shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, zuciya kuma ta tsaya. Kafin nan ya yi kwana 38 a asibitin Gemelli da ke Roma, daga 14 ga Fabrairu zuwa 23 ga Maris, yana fama da ciwon huhu a ɓangarorin biyu. Ranar Ista ya fito ya sa wa jama'a albarka da murya wadda da ƙyar ake jinta, aka zaga da shi cikin taron a mota. Ashe sallama yake yi.

Sunansa na yanka Jorge Mario Bergoglio. An haife shi a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina ranar 17 ga Disamba, 1936, aka zaɓe shi Fafaroma ranar 13 ga Maris, 2013.

Yaya labarin ya same ku?

Muna ɗakin girki. Hidimar Ista ta gajiyar da kowa, tukwanen jiya ma ba a gama wankewa ba. Babbarmu ce ta shigo da rediyo a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce komai ba, sai ta ƙara murya. Muka bar tukwanen a cikin ruwa muka nufi ɗakin addu'a.

Abin da ba za mu manta ba ya faru ne da la'asar. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Musulma, wadda muke saya wa ƙosai kowace safiya, ta yi sallama ta shigo da mayafinta da ƙwaryar kunu a hannu. Ta durƙusa kamar yadda ake yi a gidan rasuwa, ta ce, "Sista, ya haƙuri? Ashe babanku ya rasu." Babbarmu ta ce, "Haƙuri da godiya, Inna. Kin sha hanya da wannan rana." Ta ce, "Ai haƙƙin maƙwabtaka ne. Na ji a rediyo an ce mutum ne mai son talakawa. Allah ya ba ku haƙurin rashi." Ta zauna ɗan lokaci a kan tabarma, shiru, sannan ta tashi ta bar mana ƙwaryar. Ranar ba mu ɗora tukunya ba, kununta muka sha da dare.

Mutumin nan bai taɓa taka Najeriya ba. Me ya sa kuke makokinsa kamar mahaifinku?

Gaskiya ne bai zo ba, kuma mun so ya zo. Ya je Kenya da Uganda da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 2015, Masar a 2017, Maroko da Mozambik da Madagaska da Moris a 2019, Kongo da Sudan ta Kudu a 2023. Fafaroman da dattawanmu suka gani da idonsu shi ne John Paul na Biyu, wanda ya zo Kaduna a watan Fabrairun 1982, ya sake dawowa Najeriya a 1998. Har yau akwai tsofaffi a cocinmu da ke ba da labarin yadda suka shiga mota daga Zariya tun da asuba don su gan shi.

Amma kusanci ba sai da ganin ido ba. A kowace Misa, wato babbar ibadarmu, a kowane coci na Katolika a duniya, Fada yana ambaton sunan Fafaroma da sunan Bishop na yankin a cikin addu'a. Shekara goma sha biyu muna jin "Francis" kullum safiya. Ranar da aka yi Misa aka tsallake wurin sunan, a nan ne da yawa daga cikinmu suka fashe da kuka.

Sannan hannunsa ya taɓa mu kai tsaye. Bayan rasuwar Bishop George Dodo, Bishop na farko na Zariya, a watan Yulin 2022, shi ne ya naɗa mana Bishop Habila Daboh a 2023. A shekarar ce kuma ya kafa sabuwar dayosis, wato yankin da Bishop ke jagoranta, ta Katsina, ya ɗora Bishop Gerald Musa, Bahaushe, a kanta. Wanda ba Bahaushe Kirista ba zai yi wuya ya gane nauyin wannan. Mutanenmu na ƙauyukan Giwa da Ikara da Malumfashi sun daɗe ana yi musu kallon baƙi ta kowane ɓangare, a gari a ce sun bar hanya, a coci a ce ina aka taɓa ganin Bahaushe Kirista. Ganin ɗansu da hular Bishop ya share musu hawaye.

Yaya Katolika ke zaman makokin Fafaroma? Akwai sadakar uku da bakwai da arba'in?

Tsarin ya bambanta. Kwana tara ake yi, ana farawa daga ranar jana'iza, kowace rana da Misa domin mamacin. Nasa ya kama daga 26 ga Afrilu zuwa 4 ga Mayu. A gidanmu mun ajiye hotonsa da kyandir a ɗakin addu'a, muna jan Rosari, wato carbin addu'armu, tare kowace yamma. Bayan kwana taran babu wani zaman makoki na dole, sai dai addu'a ba ta yankewa. Ranar 2 ga Nuwamba, da muke tunawa da dukan mamata, mun sa sunansa tare da na iyayenmu da na matalautan da suka rasu a hannunmu cikin shekarar.

Wasu 'yan'uwanmu Kiristoci na wasu ɗarikoki suna tambaya, in har Fafaroma ne, me zai yi da addu'armu? Amsar ita ce shi ma ɗan Adam ne mai bukatar jinƙan Allah. Shi da bakinsa ya sha kiran kansa mai zunubi, kuma kusan duk jawabin da zai yi sai ya rufe da roƙon a yi masa addu'a. Roƙon nan muke cikawa.

Da gaske ne an binne shi kamar talaka?

Ba za mu ce kamar talaka ba, don talakan Zariya ba ya samun shugabannin ƙasashe a jana'izarsa. Jana'izar da aka yi ranar 26 ga Afrilu a dandalin Bitrus Mai Tsarki ta tara mutum wajen 250,000. Abin da ya yi shi ne ya rage duk abin da yake da ikon ragewa. Da can ana saka Fafaroma a akwati uku, ɗaya cikin ɗaya. Shi ya ce guda ɗaya na katako ya isa. Ya bar wasiyya a binne shi a ƙasa, a cocin Maryamu da ake kira Santa Maria Maggiore, ba a cikin fadar Batikan ba, abin da aka yi fiye da shekara ɗari ba a yi wa wani Fafaroma ba. A kan kabarin kalma ɗaya ce kawai, sunansa da Latin: Franciscus.

Da gawar ta isa cocin, waɗanda suka tarbe ta a kan matakala su ne marasa gida da baƙin haure da fursunoni, kowa da farin fure a hannu. Sarakuna da shugabanni an bar su can baya a dandali. Mun kalli wannan a talabijin ɗin wani maƙwabci don babu wuta a gidanmu, kuma ɗakin ya yi tsit.

Me ya haɗa makokinsa da maganar talauci?

Tun daga sunansa. Ya ba da labari da kansa cewa lokacin da ƙuri'u suka nuna shi aka zaɓa, abokinsa Kadinal Cláudio Hummes na Brazil ya rungume shi ya ce masa kada ya manta da matalauta. Nan take sunan Francis na Assisi ya faɗo masa, ɗan attajirin Italiya da ya bar dukiyar ubansa ya koma zama da kutare da mabarata. Kwana uku bayan zaɓen ya gaya wa 'yan jarida cewa burinsa Coci matalauciya domin matalauta.

Bai tsaya a baki ba. Ya ƙi komawa gidan sarautar da magabatansa suka zauna, ya ci gaba da zama a masaukin baƙi na Santa Marta har ya rasu a can. Fitarsa ta farko daga Roma, a watan Yulin 2013, tsibirin Lampedusa ya je, inda teku ke cinye 'ya'yan Afirka masu neman tsallakawa Turai, kuma duk mun san akwai 'yan Najeriya a cikinsu. Kwana huɗu kafin rasuwarsa, jiki ba ƙarfi, ya sa aka kai shi gidan yarin Regina Coeli ya gaida fursunoni.

To, mutumin da ya rayu haka, in muka yi kuka muka share hawaye muka koma zama, mun ci amanarsa. Da muka zauna bayan kwana taran, shawarar da muka yanke ita ce kowace sista ta ƙara gida ɗaya a kan gidajen da take ziyarta. Wannan ne makokinmu, kuma har yanzu muna cikinsa.

To a zahiri me kuke yi a Zariya?

Babban aikin shi ne tafiya da ƙafa. Muna shiga lungunan Sabon Gari da Muciya da Cikaji, wani lokaci har Samaru da ƙauyukan bayan Basawa, mu zauna a kan tabarma mu saurara. Wannan salo ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Ƙungiyar Vincent de Paul, wadda Frédéric Ozanam da abokansa ɗalibai suka kafa a Paris a 1833, a kan ziyarar gida ta ginu, kuma 'yan ƙungiyar a cocinmu su ne abokan tafiyarmu, tare da iyayenmu na Zumuntar Mata Katolika. Matan zumunta sun fi mu sanin gari nesa ba kusa ba. Su ne za su ce maka, gidan can kwana biyu ba a ga hayaƙi ba.

Daga ziyarar ne sauran aikin ke fitowa. Yara masu tamowa muna auna damtsensu da ɗan tef mai launi uku. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ba ma wasa da shi, asibiti muke rakiyar uwar. In rawaya ne, muna koya mata haɗin garin kunu na gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, a soya kowanne daban a niƙa tare. Kayan duk suna kasuwar Sabon Gari, kuma uwa za ta iya yi da kanta ba sai ta jira mu ba.

Sai jari. Wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, mijinta ɗan acaɓa ne mota ta kaɗe shi a hanyar Kwangila. Da muka fara zuwa ɗakinta, tabarma ce da tukunya ɗaya da buhun tsummokara. Muka tambaye ta me ta iya, ta ce awara, a gidan uwarta ta koya. Aka saya mata kwano biyu na waken suya da man gyaɗa da kasko. Ta jiƙa wake da dare, da asuba ta kai niƙa, ta tace da ƙyalle, ta dafa, ta zuba ruwan tsami ya kama, ta ɗaure a buhu ta danne da dutse. Da hantsi tana bakin makarantar firamare da tire da yaji. Sati na farko ta yi asara, don ruwan tsamin ya yi yawa awarar ta yi ɗaci. Wata tsohuwa a zumunta ta je ta kwana biyu tana nuna mata hannu. Yanzu tana cikin adashe da wasu mata, kuma ranar da ta kwashi nata, kuɗin makarantar babbar 'yarta ta fara biya. Har yanzu ɗaki ɗaya take haya, har yanzu in ciwo ya shigo gidan komai na iya rushewa. Amma ta daina kwana tana lissafin wanda za ta roƙa gobe.

Akwai kuma kuɗin makaranta na marayu, da rakiyar marasa lafiya zuwa asibitin koyarwa na Shika, inda wanda bai iya karatu ba zai iya yini yana zagaye bai san ƙofar da zai shiga ba. Da waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, manoma masu rumbu jiya, yau suna raɓe a kangon da ba a gama ginawa ba. Waɗannan su suka fi ƙona mana rai, don abin da suke so shi ne gonarsu, mu kuwa ba mu da ikon mayar musu da ita.

Musulmi zai iya samun taimakonku? Ba dabara ba ce ta janye mutane daga addininsu?

Wannan tambaya muna girmama ta, don mun san tarihin garin nan, mun san an sha zubar da jini a jihar Kaduna da sunan addini, kuma mun san tsoron da ke zuciyar uba idan ya ga baƙuwa da gicciye a wuya ta shiga gidansa.

Amsa a fili: e, zai samu, kuma da yawa daga gidajen da muke shiga na Musulmi ne. Ba ma tambayar addinin mai jin yunwa. Ba ma ce wa kowa ya zo coci kafin ko bayan ya karɓa. Ba ma shiga gidan aure sai da izinin maigida, kuma a unguwar da ba a san mu ba, wajen mai unguwa muke fara zuwa. In lokacin salla ya yi muna gidan, mukan ce wa matar ta tashi ta yi sallarta, mu riƙe mata yaron.

Ba za mu ɓoye cewa bangaskiyarmu ce ke tura mu ba. Yesu Almasihu ya koyar, a Matiyu sura 25, cewa abin da aka yi wa mai yunwa da baƙo da marar lafiya da ɗan kurkuku, shi aka yi wa. Wanda ya tambaye mu dalili za mu gaya masa. Amma sayen imanin mutum da kwanon masara cin mutunci ne ga mutumin da kuma ga Allah, kuma Cocinmu ta hana.

A nan ma Fafaroma Francis ya bar mana sawu. A Alhamis Mai Tsarki ta farko bayan zaɓensa ya wanke ƙafafun matasa fursunoni, har da Musulmi a cikinsu. A 2015, ana tsakiyar rikici, ya shiga babban masallacin Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Ranar 4 ga Fabrairu, 2019, a Abu Dhabi, shi da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu a takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam. Mu kuma a nan mun sha ganin alheri daga ɗaya ɓangaren. Akwai ɗan kasuwar hatsi, Alhaji, da in ya fitar da zakkarsa ya raba inda addininsa ya ce, sai ya ƙaro mana wani abu daban ya ce, "Sista, ku kun san inda marayun suke."

Me ya sa ba ku tara mutane a layi ku raba kaya, a ɗauki hoto kamar yadda kowa ke yi?

Mun taɓa yi, kuma mun yi nadama. Wata shekara gab da Kirsimeti aka ba mu buhunan shinkafa, muka sa rana, aka kafa rumfa, aka jera mutane, wani yana ɗaukar hoto da waya. Daga nesa ɗaya daga cikinmu ta hango wata mata da muka sani, matar wani ma'aikaci da ya yi ritaya haƙƙinsa bai fito ba. Ta iso bakin ƙofa, ta ga layin, ta ga wayar, ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya. Mun san gidanta ba abinci. Da dare muka kai mata, ta karɓa tana kuka, ta ce, "Sista, da surukaina su gan ni a Facebook da kwano a hannu, gara mu kwana haka."

Laifinmu ne, ba na kowa ba. Bahaushe ya san darajar rufin asiri, mu da muka tashi a cikinsa bai kamata a tuna mana ba. Tun daga ranar muka daina layi, muka daina hoton fuska. Wanda ya ba da gudummawa yana da haƙƙin sanin inda ta tafi, don haka muna da littafi, muna rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma ƙofa a buɗe take ga mai son dubawa. Sunayen masu karɓa ne kawai ba ma nunawa.

Ku da kuka yi alkawarin zama cikin talauci, yaya kuma kuke yaƙi da shi?

Kalmar ce ɗaya, abin biyu ne. Kowace sista tana ɗaukar alkawari uku a gaban Allah: talauci, zama ba aure, da biyayya. Talaucin alkawari yana nufin ba ni da abin da zan ce nawa ne ni kaɗai. Wadda ke koyarwa ko aikin jinya a cikinmu, albashinta asusun gida yake shiga. Amma muna cin abinci, in mun yi ciwo ana kai mu asibiti, kuma mu muka zaɓa da kanmu. Uwar da ke dafa ruwa a tukunya don yara su ɗauka abinci na zuwa har barci ya kwashe su, ba ta zaɓi komai ba. Haɗa namu da nata rashin kunya ne. Amfanin namu shi ne ya sauƙaƙa mana kaya, ya bar hannunmu a sake don nata.

Ba Batikan ke aiko muku da kuɗi ba?

Mutane da yawa sun ɗauka haka. Gidanmu dai ba ya karɓar komai kai tsaye daga Roma. Hasali ma akwai baikon da ake tarawa a cocin Katolika ko'ina, har da nan Zariya, a aika wa Fafaroma don hidimarsa da taimakon mabukata a duniya. Manyan ayyuka kamar rijiyoyi da tallafin manoma suna bi ta hukumar adalci da raya ƙasa da zaman lafiya ta dayosis da kuma Caritas Nigeria, su ne ke da abokan hulɗa a waje. Namu ƙaramin aikin yana tafiya ne da albashin sistoci, da baikon matalauta a coci, da masara da dawa da doya da manoma ke kawowa lokacin godiyar kaka, da abin da mutanen kirki suka miƙo.

Wa ya gaje shi? Shi ma ya damu da matalauta?

Kadinal 133, wato manyan limaman da ke zaɓen Fafaroma, suka shiga zaɓe ranar 7 ga Mayu, washegari 8 ga Mayu farin hayaƙi, alamar an zaɓi sabon Fafaroma, ya tashi. Aka zaɓi Kadinal Robert Prevost, haifaffen Chicago ta Amurka, wanda ya yi shekaru da yawa yana aiki a Peru, ya ɗauki sunan Leo na 14. Daga Najeriya Kadinal Peter Okpaleke ne kaɗai ya jefa ƙuri'a, don sauran kadinal ɗinmu sun haura shekara 80, kuma doka ta tsaya a nan. Sabon Fafaroman ya san ƙasar nan, ya sha zuwa lokacin da yake shugabantar ƙungiyar Agustinawa daga 2001 zuwa 2013.

A watan Oktoban 2025 ya fitar da babbar wasiƙarsa ta farko, Dilexi te, a kan ƙaunar matalauta. Fafaroma Francis ne ya fara rubuta ta kafin ya rasu, shi kuma ya ƙarasa. Muna karanta ta kaɗan-kaɗan bayan addu'ar yamma, ɗaya daga cikinmu tana mayar da ita Hausa da baki saboda matan zumunta.

Wannan ba aikin gwamnati ba ne? Kwanon waken suya zai kawar da talauci?

Ba zai kawar ba, kuma ba ma yaudarar kanmu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, wato abinci da lafiya da ilimi da muhalli, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Wannan kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023. Zuwa Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma mai awara da ɗan dako da manomi ba su da albashin da za a ƙara.

Abin da ke ba mu takaici shi ne Zariya ba garin jahilci ba ne. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga cibiyar binciken noma a Samaru da ke fitar da ingantaccen iri, ga ta dabbobi a Shika. Amma ka yi tafiyar rabin awa daga ƙofar jami'a za ka tarar da manomin da ya sayar da masararsa tun tana gona don ya biya bashin taki, ya dawo yana sayen ta da tsada a watan Agusta. Tsaro da taki da asibiti da makaranta haƙƙi ne a wuyan masu mulki, kuma bishop-bishop ɗinmu sun sha faɗa musu haka a fili. Fafaroma Francis ma bai tsaya a sadaka ba, ya yi ta sukar tsarin tattalin arzikin da ke zubar da mutane kamar shara. Muna faɗin wannan duk inda muka samu kunne. Sai dai yaron da tef ya nuna ja a damtsensa ba zai iya jiran kasafin kuɗin baɗi ba.

Mece ce Ranar Matalauta ta Duniya, kuma yaya zan sa hannu?

Fafaroma Francis ne ya kafa ta, aka fara yi ranar 19 ga Nuwamba, 2017. Tana faɗowa ne a Lahadin da ke zuwa kafin bikin Almasihu Sarki, bikin da babban cocinmu na Sabon Gari ke ɗauke da sunansa. Ta 2025 ita ce 16 ga Nuwamba. A Roma ya saba zama ya ci abincin rana da matalauta a teburi ɗaya. Mu ma haka za mu yi: za a dafa tuwo da miyar kuka da shinkafa da wake, kowa ya zauna a tabarma ɗaya, ba mai rabawa a tsaye da mai karɓa a durƙushe.

In kana son taimakawa, hatsi ya fi mana amfani a wannan lokaci na kaka da yake da sauƙi: masara, dawa, gero, waken suya, gyaɗa, ko kwano ɗaya ne. Hunturu na shigowa, don haka barguna da rigunan sanyi na yara ana bukatarsu, amma a wanke su, kuma kada a kawo abin da kai ba za ka sa wa ɗanka ba. Magungunan da aka sha aka rage ba ma karɓa. In kina da sana'ar hannu, ɗinki ko saƙa ko sabulu ko ƙuli-ƙuli, ki ba mu yamma ɗaya a mako ki koya wa mace ɗaya. Ɗaliban likitanci da jinya na jami'a, muna bukatar ku ranar awon yara.

Wanda ke Katolika ya yi magana da Fada ko katikis ko shugabar zumunta a cocinsa, za su haɗa shi da masu ziyara. Wanda ba Katolika ba kuma yana iya zuwa kowane cocin Katolika da ke kusa da shi ranar Lahadi bayan an tashi Misa, ya tambayi 'yan Vincent de Paul. In kuma ka san wani gida da ake kwana da yunwa ana rufa asiri, ka zo ka gaya mana a keɓe, za mu je da dare.